Ruwan da Na Zuba da Magariba

Akwai wani suna da kuka taso kuka ji ana kiran kakanku da shi, ku ma kuka ɗauka kuna maimaitawa cikin raha: Attahir mai tsoron ruwa. Ko a sallar da ta wuce na ji autarku tana tsokanar ɗanta da ya ƙi wanka, tana ce masa ya gado kakan-kaka. Na taya ku dariya, amma dariyar iyakarta baki. Fiye da shekara hamsin ke nan ina jin sunan nan ina kawar da kai. Yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni, ba ni da wani aiki da ya fi in gaya muku inda sunan ya samo asali, don abin da kuka sani ba haka yake ba.

Baba, wato kakan naku, magini ne ɗan magina, kuma laka ce kaɗai abin aikinsa. Rabin gidajen unguwarmu a nan Agadas hannunsa ne ya ɗaga su, sauran rabin kuma shi ke musu yaɓe kafin damina. Idan aka kai shi wurin haƙar ƙasa, sai ya murza ta a tafin hannu, ya ɗan ɗanɗana, ya ce a ɗiba ko a bari, kuma ban taɓa ganin bangon da ya ƙaryata shi ba. Ni kuwa da na tasa sai na ga laka ta yi mini ƙanƙanta. Na bi kamyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram, na yi shekara biyu a shantiye, wurin manyan gine-gine, ina koyon aikin siman, wato abin da ƴan kudu ke ce wa siminti. Na dawo da cokalin gini na ƙarfe, da hular kwano irin ta manyan ma'aikata, da kai wanda ya fi hular girma. Babban karatun da na kwaso shi ne cewa siman ba laka ba ne. Laka sai ta bushe take ƙarfi, shi kuwa siman ruwa yake so, safe da yamma har kwana bakwai, in ba haka ba ya rududduge. Na haddace wannan kamar Fatiha, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji ta.

A shekarun farko na mulkin kai ne abin ya faru. A likitar garinmu, wato asibiti, akwai wani ɗaki da ake ajiye magunguna da alluran rigakafin yara, kuma duk bazara zafi sai ya lalata wasu. Sai gwamnati ta aiko da injin sanyaya ɗaki, kilimatizer, cikin akwatin katako. Mu dai ba mu taɓa ganin irinsa ba. Rabinsa a cikin ɗaki yake zama, rabinsa a waje, kuma na wajen ya kai nauyin ɗan maraƙi, da ƙafafun ƙarfe huɗu. Idan yana aiki rawar jiki yake yi ba tsayawa, don haka dole a yi masa mazauni mai ƙarfi a ɗaure ƙafafun a kai. An so a gama aikin tun cikin ɗari, kafin zafi ya sauko. Wanda aka ba shugabancin aikin shi ne Shef Hamani, Bazabarme daga Yamai, mutum mai gaskiya amma mai saurin hawa. Ya ɗauke ni gwaji, ya ce in mazaunin injin ya yi kyau zai sa a rubuta ni maso, wato magini na gwamnati, mai albashi duk wata. A lokacin uwarku Gaisha tana da cikin babban yayanku, kuma ba mu da komai sai ɗaki ɗaya a gidan Baba. Shi Baba an kira shi ne don ya huda bangon da bututu zai bi, tun da shi ya gina bangon da hannunsa, ya san inda za a taɓa shi bai ji ciwo ba.

Ɗarin shekarar nan ban sake ganin irinsa ba. Tsofaffi sai da hantsi suke fitowa, awaki suna cusa kai cikin madafa. Ranar zubi mai kawo mana ruwa ya makara, ba mu gama cika katakon da muka kafa don mazaunin da kwaɓin siman ba sai bayan la'asar. Na shafe saman ya yi sumul, na tsaya ina kallonsa kamar wanda ya gina fada. Baba ya sauko daga tsani, ya ɗaga kai ya dubi sama, wadda ba ko ɗigon girgije, ya lashi yatsa ya ɗaga shi cikin iska. Shef Hamani yana tsaye nan kusa yana duba takardunsa, duk abin da aka faɗa a kunnensa ne.

"Sidi," in ji Baba, "kada ka ba abin nan ruwa yau. Ka luhe shi da tabarma da kara, ka bar shi sai rana ta tashi."

"Baba, wannan ba laka ba ce," na ce. "Shi ruwa ne abincinsa."

"Na ji. Amma ba ruwan marece ba, ba cikin wanga ɗari ba."

Shef ya yi ƴar dariya, ya ce da ni cikin Hausarsa mai gauraye da Faransanci in rabu da tsoho, mutanen laka duk haka suke, da sun ga ruwa sai gabansu ya faɗi. Ni ma na yi dariya. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da nake roƙon Allah gafara a kansu har gobe. Baba ya je ya samo tsohuwar tabarma da damin kara, ya rufe zubin da kansa, ya kama hanyar masallaci.

Da aka sallame magariba sai na shiga madafa na ɗauki tulun uwarku. Ita ƴar Timiya ce, cikin lambuna ta girma, a can cikin duwatsun Abzin inda sanyi ke ƙona ganye. Ta tambaye ni ina zan kai mata tulu, na gaya mata.

"A wurinmu ba a ba shuka ruwa da marece in ɗari ya kama," ta ce. "Da asuba za ka iske ya daskare ya kashe ta."

"Siman ba tumatir ba ne, Gaisha," na ce da ita.

Na je na yaye tabarmar Baba, na watsar da karan gefe, na juye tulu biyu a kan zubin har ruwa ya kwanta, na dawo gida ina jin na ceci aikina daga hannun jahilci. Da sassafe na riga kowa zuwa. Ruwan da ya taru a gindin katakon ya yi wata fatar ƙanƙara siririya, saman zubin kuma ya yi fari-fari. Gabana ya faɗi. Na sa ƙafa na farfasa ƙanƙarar, na mayar da tabarma da kara yadda Baba ya bar su, na ce a raina rana za ta gyara. Ban gaya wa kowa ba. A ido kuwa zubin ya yi kamar ya kama, har muka cire katako, muka ɗora injin, aka ɗaure ƙafafunsa, aka tayar da shi. Mutane suka riƙa zuwa suna leƙa ɗakin magani don su ji sanyi cikin sanyi, suna mamakin Nasara da dabararsa.

Kwana uku injin yana rawa, a na huɗu kusurwa ɗaya ta mazaunin ta ɓare. Ƙafa ta zame, injin ya karkace, saura kaɗan bututun ya tsinke. Da ya tsinke, sai an aika Yamai, kuma magungunan yara su shiga bazara ba sanyi. Aka kashe injin, aka tallafe shi da itace. Shef Hamani ya zo ya ɗauki ɓallin, ya murza shi da yatsu biyu, ya zube kamar garin ƙuli-ƙuli. Shi mutumin bakin kogi ne, bai taɓa ganin ruwa ya daskare a ƙasa ba, don haka tunaninsa bai je can ba sam. Abu ɗaya ya sani da ke sa siman ya yi haka.

"Wannan bai sha ruwa ba," ya ce. Ya juyo ya dube ni. "Sidi, ka ba shi ruwa daren farko ko ba ka ba shi ba?"

In na ce na ba shi, sai in faɗi sauran, in faɗi ƙanƙarar da na farfasa na ɓoye, kuma mai ɓoye aibin aiki ba a rubuta shi maso. Ina cikin wannan sai na ji muryar Baba daga bayana, a natse, kamar mai ba da labarin kasuwa.

"Ni na hana shi, Shef. Kai ma ka ji ni. Ni na luhe abin da tabarma."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Ya dai tsaya ne inda ya ga dama ya tsaya. Shef ya hau shi da faɗa a gaban leburori da masu jiran magani, ya ce ƙasa ta samu mulkin kai amma kawunan wasu na nan cikin laka, ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a aikin gwamnati. Wani cikin leburorin ya ce, ashe tsoho tsoron ruwa yake, aka kwashe da dariya. Baba ya naɗe igiyarsa, ya saɓa tsaninsa a kafaɗa ya tafi. Ni kuwa ina tsaye da cokalin ƙarfena a hannu, ban ce uffan ba. Ku rubuta wannan a zukatanku yadda na rubuta shi a nan: ubanku yana tsaye, yana da baki, ya yi shiru.

Kwana biyu ban iya haɗa ido da shi ba. Uwarku kuwa, duk lokacin da ta ɗauki tulun nan sai ta dube ni. A rana ta uku, bayan sallar asuba, Baba ya tsaya ƙofar ɗakina ya ce in ɗaura wa jakai biyu akumari, in ɗauko guduma da salkar ruwa. Muka bi gefen ƙoramar Telwa muka yi arewa, har hantsi ya ɗaga muka isa wani tudu mai falalen duwatsu. Nan ya sauka ya fara zagaye. Sai ya ƙwanƙwasa dutse da guduma ya kasa kunne. Wanda ya yi ƙara a dushe, ya ce akwai tsaga a cikinsa ko da ido bai gani ba. Wanda bayansa ke ɓarewa kamar ɓawon albasa, ya ce wannan rana da ɗari sun riga sun gama da shi. Ya fi duba waɗanda ke fuskantar arewa, inda iskar sanyi ke duka, ya ce wanda ya zauna nan tun zamanin kakanni bai tsage ba, ba injin Nasara ne zai tsaga shi ba. Daga ƙarshe ya tsaya kan wani falale baƙi-baƙi, tsawonsa kamu biyu, kaurinsa ya kusa taƙi. Ya buga shi, ya yi ƙara tas kamar ƙarfe. Sai ya karɓi salka ya zuba masa ruwa, muka tsuguna muna kallo. Ruwan ya gangare, dutsen bai sha ko kaɗan ba.

"Ka gani," ya ce. "Abin da ruwa bai shiga ba, ɗari ba ya da hanyar hwasa shi. Ɗari ba ya da hannu, da ruwa yake aiki."

A nan ne abin ya ci ƙarfina. Na ce, "Baba, ni na zuba ruwan. Tulu biyu, da magariba."

"Na sani," ya ce. "Da sahe na ga an mai da tabarmar bai-bai. Ni ba haka nika shimfiɗa tabarma ba."

"To don mi ka ɗauka a kanka?"

Ya ɗan jima yana goge gudumar da bakin rigarsa, sannan ya ce, "Sunana ya daɗe da bushewa, Sidi. Ko an jiƙa shi, bayansa kaɗai za ya jiƙe. Naka ɗanye ne, yanzu aka zuba shi. Kuma ga matarka da ciki."

Na yi kuka a kan tudun nan, ni da nake ganin na fi ƙarfin kuka. Bai rarrashe ni ba. Ya jira na gama, sannan ya ce in je in gaya wa Shef akwai dutsen da zai ɗauki injin, kuma in ce ni na gano shi, don in ya ji daga bakin mai laka ne ba zai saurara ba. Ya kuma ce maganar tulu ta mutu a nan, muddin yana raye.

Shef ya yarda ne don ba shi da zaɓi. Siman ɗinmu ya ƙare, kamyon da zai kawo wani kuma sai bayan makonni, ga zafi ya fara leƙowa. Aka ba ni mota da mutum shida muka ɗauko falalen. Duk yadda aka girka shi, Baba ne ya tsara mini a zaure, yana zana ƙasa da tsinke. Na haƙa rami zuwa gwiwa, na cika da tsakuwa ina daɓewa, don ruwa ya samu hanyar wucewa kada ya kwana a ƙarƙashi. Na jera manyan duwatsu na ɗaga wurin kamu ɗaya daga ƙasa, saboda shekarar da Telwa ta yi fushi ruwa har cikin gari yake shiga. Wani maƙeri ya sassaƙa ramuka huɗu a jikin falalen, muka tsayar da ƙusoshin ƙafafun, ya narka dalma ya zuba ta kama su. A ƙarƙashin kowace ƙafa na sa yankin tsohuwar tayar mota don ta shanye rawar. Tun da an hana Baba shiga, sai ya riƙa zama a tsallaken hanya, jikin wata katanga, kamar mai shan hantsi. In na ɗora dutse sai in saci kallonsa. In ya sunkuyar da kai, daidai ne. In ya shafa gemu, sai in cire in sake. Haka muka yi aikin nan mu biyu, hanya a tsakaninmu, ba wanda ya sani.

Aka tayar da injin ya zauna daram. Shef ya ɗora kofin ruwa a kan dutsen, ruwan ko motsi bai yi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce ga irin matasan da ƙasa ke bukata. Kafin damina aka rubuta ni maso, kuma da wannan albashin aka raɗa wa yayanku suna, da shi na sa ku lakwal, makarantar boko, dukanku, da shi aka gina gidan da kuke zuwa sallah.

Shi kuwa Baba, sunan ya bi shi. A shekarun nan ne ƴan kasuwa suka fara son daɓen siman da matakala a gidajensu, kuma duk mai irin wannan aiki sai ya tsallake shi, a ce ai tsohon nan shi ne ya lalata aikin likita. Ya koma yaɓe da gyaran indararo, shi da ake kira tun daga aza harsashi. Yara a hanya suna ce masa ga ruwa nan, sai ya yi kamar ya firgita ya ja da baya don su yi dariya. Bai taɓa nuna mini ya ji zafi ba, amma Inna ta gaya mini ya daina bi ta hanyar likita, sai ya zagaya ta kasuwa ko da rana ta take. Ya rayu shekara goma sha biyu bayan haka, kuma ko sau ɗaya bai tayar da maganar ba. Alkawarin shiru na lokacin ransa ne kawai. Shirun da na yi bayan rasuwarsa nawa ne, ba nasa ba. Lokacin na zama shef ni ma, ana gaishe ni da girma, ina koya wa matasa kada su jiƙa siman da yamma a cikin ɗari, suna cewa kai, Shef Sidi ya san aiki. Na ji daɗin yabon, na kasa mayar da shi ga mai shi. Uwarku ta tuna mini sau da yawa, har ta koma ga Allah ban yi ba.

Watan jiya na sa yayanku ya kai ni wurin a mota, ban gaya masa dalili ba. An rushe tsohon ɗakin magani, an yi sabon gini, injinan yanzu ƙanana ne, a jikin bango ake maƙala su. Injin farko da waɗanda suka gaje shi duk sun tafi bola. Amma dutsen yana nan inda muka girka shi, bai tsage ba, bai karkace ba, ga ramukan nan huɗu da dalmarsu. Mata masu jiran awon jarirai sun mai da shi wurin zama. Na roƙi wata ta matsa mini, na zauna a gefe, na ɗora tafin hannuna a kansa. Na yi wa Baba addu'a, na gode masa da babbar murya, har matar ta dube ni tana tsammanin tsufa ne. Ban san yadda ake biyan irin wannan ba, kuma na tabbata da yana nan cewa zai yi in tashi in ba masu jego wuri.

To ga abin da nake so daga gare ku. Ku karanta wa ƴaƴanku wannan babin, ku kai su su ga dutsen, ku ce musu kakan-kakansu ne ya zaɓe shi da kunnensa. Sunan nan kuma kada in sake jin sa a gidana, ko da wasa. In yaro ya ƙi wanka, ku nemo masa wani abin tsokana. Attahir bai taɓa tsoron ruwa ba, ya san lokacinsa ne. Wanda ya ji tsoro a ranar nan, yana tsaye da cokali a hannu, ni ne.